Ƙofar Mafara da Kitsen Tozo

Ko zan manta komai na duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da cutar da Labbo ya yi mini ba. Labbo ɗan gwaggona ne, taubashina, kuma shi ne mutumin da ya sa na durƙusa gaban Sarki da fadawansa kitse yana gangaro mini ta ƙeya, karnukan mahauta suna jira na a bakin ƙofa kamar ni na haife su. Na kama sunansa tun farko ne don kada wani ya ce ina kewaye-kewaye. Wautar tawa ce, ban musa ba. Amma shi ya hura mata wuta.

Ni ɗan mahauta ne a Mafara. Ubana mahauci, kakana mahauci, wanda ya haifi kakana ma an ce da wuƙa a hannu ya mutu. An kai ni makarantar allo kamar kowa, sai dai karatun ya ƙi shiga. Abokaina suna hadda, ni na juya bayan allo ina zana masa ado. Malam ya yi duka har ya gaji, ranar nan ya kira ubana ya ce, "Wanga yaro naka, kansa a hannunsa yake, ka ɗauke shi." Abu biyu na tsira da su daga makarantar: ajamin nan da nake rubutu da shi (wanda ya ga kure ya gyara da kansa, ni ban da lokaci), sai kuma zayyana. Zayyana kuwa, ba yabon kai ba, duk mai sauka daga Mafara har Morai, sai allonsa ya bi ta hannuna.

Fawa ce ba na so. Ba na son warinta, ba na son ƙudanta, na fi tsanar wankin tumbi da hanji a bakin gulbi, wanda shi ne aikin da ake ba wanda ba a ɗauka da daraja a rumfa. To, ina cikin ƙuruciyata, gemu ya fara tsiro, sai Sarkin wancan lokaci (Allah ya jiƙansa) ya gina sabon soro, aka ce yana neman wanda zai yi wa bangonsa ado. Duk wanda ya samu aikin ya zama ɗan fada, ya samu riga, ya samu suna. Akwai wani magini daga Bakura da ke nema, ni ma na ce ina nema.

Ubana ya dube ni daga sama har ƙasa, yana wasa wuƙa. Ya ce, "To, ji nan. In Sarki ya ɗauke ka, na yafe maka wuƙa har abada. In ya koro ka, tumbi da hanji naka ne har ka mutu, kuma ba ni ƙara jin zancen zane cikin gidan ga." Na ce na yarda. Da bakina na ce, gaban shaidu.

A daidai wannan lokaci Labbo ya dawo daga koren shanu. Shi aikinsa ke nan, ya bi fatake da garke har Kano, ya dawo da ƙafa a fashe da baki cike da labari. Ya same ni ina gwada zayyana a jikin katangar gidanmu, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Ɗan kawu, wanga abu naka wasan yara ne. Ni na ga abin da anka kira zane."

Ya ce ya kai rago gidan wani Balarabe a Kano, ya ga gari guda a rataye jikin bango. Masallaci da hasumiyarsa, gidaje, har da ruwa, duk a kan ƙyalle ɗaya, yana ƙyalli kamar yanzu aka wanke shi. Ya ce su can ba da ƙaro suke kwaɓa launi ba kamar yadda muke yi wa tawada, da mai suke kwaɓawa.

Na ce, "Wane irin mai?"

Ya ce, "Haba ɗan kawu! Gidan mai anka haife ka, kana tambaya ta mai? Wane mai ya kai kitsen tozo?"

Yanzu mai karatu zai ce, wane sakarai ne zai yarda da wannan? Ni ne. Ka tuna ɗan mahauci nake. A gidanmu in an ce mai, ba a nufin komai sai abin da ya fito daga jikin sa, kuma cikin jikin sa babu abin da ya kai tozo daraja. Na ce a raina, lalle Larabawa sun san abu mai kyau.

Nan take dabara ta faɗo mini. Maginin Bakura zai je ya yi wa Sarki bayani da baki, ni kuwa zan ɗauki babbar ƙofar garinmu sukutum, da ganuwarta da kukar da ke gefenta, in ajiye masa ita a gabansa. Na je wurin Liman na tambaya ko ya halatta. Ya shafa gemu ya ce, "Gini da itace babu laifi. Amma kada ka sa mai rai a ciki. Ko ƙuda." Na ce in Allah ya so ko ƙuda ba zai gani ba.

Ƙyalle ya yi mini tsada, amma fata ba ta yi wa ɗan mahauci wuya. Na samu ta wani farin bijimi, majema suka jeme mini ita da bagaruwa, na kankare ta har ta yi sumul, na ɗaure ta a kan gorori huɗu ta miƙe tsaf, na shafe ta da farar ƙasa. Lokacin sanyi ne. Kullum da hantsi sai in je in zauna ina fuskantar ƙofa, in miƙa tsinke in rufe ido ɗaya ina gwada tsawonta da faɗinta, in zana da gawayi.

Mai tsaron ƙofar wani tsoho ne mai ido ɗaya, ana ce masa Barmo. Shekarun nan ba a zaune lafiya, mahara kan faɗo wa ƙauyuka su kore shanu, don haka kowa ido yake sa wa baƙon motsi. Barmo ya zo ya tsaya kaina da mashinsa.

"Kai ɗan mahauta, mi kaka auna ga ganuwarmu? Wa ya aiko ka?"

Na yi bayani, bai gane ba. Na sake yi, bai gane ba. Na kawo masa balangu, ya gane. Amma idon nan nasa guda bai taɓa barin kaina ba.

Launi kuwa na sha yawo a kansa. Jar ƙasa daga gaɓar gulbi don ganuwa. Karan dafi daga wurin dukawa don ƙyauren ƙofa. Shuni daga marina don sama. Gangamau mai ruwan ɗorawa na haɗa da shuni ya ba ni kore, na yi wa kuka ganye (a lokacin ba ta da ko ɗaya, amma ba zan kai wa Sarki kuka tsirara ba). Duk a kan dutsen niƙan innata na niƙa su. Ranar nan aka kawo tuwon dare ya fito shuɗi-shuɗi, ubana ya ɗaga loma ya duba, ya ce, "Yau kuma sama munka ci ko ƙasa?"

Alƙalamin shafawa na yi shi da gemun bunsuru na ɗaure a bakin kara. Sai na narka kitsen tozo a kasko, na tace, na rarraba a sakaina, kowace da launinta. Aikin yana da wuya, don da ka ɗauke daga wuta sanyi ya kama shi ya daskare. Dole in zauna da garwashi a gefe, in tsoma in shafa da sauri, in tsoma in shafa. Yatsuna duk sun ƙone. Amma in na shafa ya daskare, sai ya yi tauri ya ɗauki ƙyalli, ni kuwa in ce alhamdulillahi, ya bushe.

Bari in faɗi gaskiya ko da ba za a yarda ba: abin ya yi kyau. Ban taɓa yin abu mai kyansa ba, kuma ban sake ba. Ga ganuwa ja wur da tsagarta ta gefen hagu, ga ƙyaure da ƙusoshinsa, ga duhun bakin ƙofa kamar ka sa kai ka shiga. Innata ta leƙo ɗakin, ta miƙa yatsa ga gindin kukar ta ce, "Nan nake sauke tulu in huta." Wannan magana ita ta gama kashe ni. Na ce ashe dai na iya.

Na kira Labbo ya gani. Ya duba, ya duba, ya ce, "Wallahi ɗan kawu ya fi na Balaraben." Sai ya juya baya yana tari, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka hayaƙi ne ya sarƙe shi, har ruwa na ba shi.

Da a makon nan aka kai wa Sarki, da watakila yau wani labarin nake ba ku. Sai Sarki ya tafi gaisuwa Sakkwato, ya daɗe, bai dawo ya zauna ba sai da bazara ta shigo. Zanen yana jingine a ƙuryar ɗakin ƙasa inda rana ba ta kaiwa, bai narke ba, sai dai ya fara wani irin tashi. Na gaya wa Labbo. Ya ce, "Haka na Larabawa ke yi. Kai ba ka ga yawan turaren da suka sa wa jikinsu ba? Don shi ne." Na sayi kajiji na yi ta turara ƙofar gari safe da yamma kamar amarya.

Ranar da aka sa mana ta zo. Na ari babbar riga wurin kawuna, fara tas, wadda yake zuwa idi da ita. Na rufe zanen da farin zanen innata, na ɗora a kai a kwance kamar mai tallar gurasa, na fita. Tun daga bakin rumfar fawa kare ɗaya ya biyo ni. Kafin in kai kasuwa sun zama ayari. Na ɗaga ido na ga ungulu tana kewaya sama. Wani mai sayar da igiya ya ce, "Ina za a kai walima?" Na wuce abina, ni da zan zama ɗan fada ina ruwana da mai igiya.

A fada akwai tsari, kuma tsarin bai san da zane ba. Malamai su shiga, masu sarauta su shiga, attajirai su shiga, masu ƙara su shiga. Mahauci shi ne ƙarshe, kuma ba a cikin zaure yake jira ba, a waje. Maginin Bakura, da yake baƙo ne, an ba shi tabarma a inuwa. Ni ina tsaye cikin ranar bazara, ba halin in ajiye kayana ƙasa saboda karnuka sun zauna sun kewaye ni suna lasar baki. Dogari ya kore su, su ja baya kaɗan su dawo.

Can na ji wani abu mai ɗumi ya bi ƙeyata ya shiga cikin riga. Na ce zufa ce. Wani ya biyo ta goshi. Na sa hannu na share, na duba tafina, shuɗi. Sama ce ta fara saukowa.

Mai hankali a nan zai juya ya koma gida. Ni sai na gaya wa kaina ai gefe ne kawai, tsakiya tana nan lafiya. Ana haka aka kira ni.

Na shiga na durƙusa, kayan suna kaina don babu wanda ya yarda ya kama mini. Ka san gaisuwar fada ba a gajarce ta. Ranka shi daɗe, Allah shi ba ka nasara, an kwana lafiya, ya gajiyar hanya, ya aka baro mutanen Sakkwato. Sarki kuwa mutum ne mai son mutane, sai ya shiga tambaya ta ta bakin mai magana da yawunsa: ya mahaifinka, ya kasuwa, ya shanu bana, ƙafar kakarka ta yi sauƙi? Kowace amsa na bayar, ɗigo ɗaya ya sauka a kan shimfiɗar fada. Ɗis, ja. Ɗis, kore. Na ga wani bafade ya ja bakin rawani ya rufe hanci.

Aka ce in nuna abin da na kawo. Na sauke, na jingina shi da ginshiƙi, na kama zanen innata zan yaye cikin isa. Ya ƙi. Ya manne. Na ja da ƙarfi, ya taso da wani sauti kamar an zare ƙafa daga laka, ya taho da rabin sama a jikinsa.

Jama'a, abin da ya rage ba ya faɗuwa. Da na tsayar da shi, komai ya kama hanyar ƙasa a gaban idon kowa. Ganuwa ta lanƙwashe ta zauna. Ƙyauren ƙofa ya zame ya bar bakinta a wangame. Kuka ta karkata ta faɗa kan ganuwa, karan dafi yana tsiyaya daga ƙofa ja wur kamar an yi yanka.

Sarki da kansa ya yi magana.

"Mi ke nan?"

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Ƙofar gari ce, ranka shi daɗe."

"Ƙofar wane gari?"

"Namu, ranka shi daɗe."

Sai na ji ihu daga baya. Barmo ne, ashe ya zo gaisuwa. "Na faɗa! Wallahi na faɗa! Tun sanyi yaron ga ke auna muna ganuwa da tsinke. Ga shi ya rushe ta gaban Sarki! Sihiri ne, ranka shi daɗe, aiko shi anka yi!" (Balanguna duk ya manta da shi, tsohon banza.)

Nan wasa ya ƙare. A zamanin da ake kwana da kunne ɗaya saboda mahara, mutum ya kawo wa Sarki ƙofar garinsa a rushe tana zubar da jini, ba abin dariya ba ne. Na ji hannun dogari a wuyana, ya kama, santsi ya sa ya suɓuce, ya sake kamawa da hannu biyu. Na fara salati.

Liman ya taso ya matso yana duba abin da kyau, don a ji ko akwai rubutu a ciki. Ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ba na ce maka kada ka sa mai rai ba?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban sa ba."

"To waɗannan fa? Ko ƙuda na ce maka. Ga su nan sun fi mutanen kasuwar Talata."

Gaskiyarsa. Ƙudaje sun manne a sama da ƙasa suna wutsil-wutsil da ƙafafu, tururuwa ta yi layi tana shiga ta ƙofar gari ba mai tambayar ta daga ina.

Kafin wani ya ce wani abu, wani jan kare mai yankakken kunne, wanda na sani sarai a mahauta, ya kutso ta tsakanin ƙafafun dogarai. Bai gai da kowa ba. Ya tafi kai tsaye ya lashe kuka tun daga gindi har reshe, sannan ya cafki gefen fatar ya ja ta da gororinta ya yi waje. Muna ji 'yan'uwansa suka tarbe shi, aka shiga rabon Mafara.

Sarki ya fara da murmushi, ya sa hannun riga ya rufe baki, abin ya fi ƙarfinsa. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da fada ta ga Sarki ya yi, kowa ya saki tasa, har dogarin da ke riƙe da ni. Da ya samu numfashi ya ce, "Ku sake shi. Wanda zai ci garinmu ba da tozo zai zo ba." Ya share hawaye ya ƙara da cewa, "Ku gaya wa ubansa ina yi masa jajen bijimi."

Aikin soro aka ba maginin Bakura, wanda bai kawo komai ba sai bakinsa.

Ina fitowa, rigar kawuna ta zama bakan gizo, sai ga Labbo a bayan zaure ya riƙe ciki yana birgima. Da ya iya magana ya ce, "Ɗan kawu, Balaraben ya gaya mini man wani iri ne na ƙasarsu, mai bushewa, babu shi nan. Ni dai na ce bari in ga ko za ka yi. Wallahi ban zaci za ka kai fada ba!" Ƙarya yake. Shi ya taya ni zaɓen rigar.

Na kai ƙara wurin ubana. Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Taubashinka ne. Wa ka taɓa ji ya kai ƙarar taubashi? Wasa ne, sai ka yi dariya." Ya tura mini ƙwaryar tumbi da ƙafa. Innata ta ɗauki zanenta ta duba rabin saman da ke jikinsa, ta ninke ta sa a ƙasan adaka.

Tun ranar nake bakin gulbi. Gemuna ya yi furfura a kan hanji. Sunana na yanka ya ɓace, Ƙofar Kitse ake ce mini. Na taɓa kai fatu Maradun, wata tsohuwa mai fura da ban taɓa gani ba ta ce, "Kai ne wanda kare ya cinye wa gari?" Abin da na koya dai bai da yawa, amma na riƙe shi da kyau: in ka ɗauko abu karnuka suka bi ka, ba fada ya kamata ka nufa ba. Kuma in matafiyi ya ce ya ga abin mamaki a wata ƙasa, ka fara duba ko ɗan gwaggonka ne.

Shi kuwa Labbo bai taɓa gajiya ba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta rumfa ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan kawu, a ba ni tozo, na shafen bango!" Mutane su yi dariya, ni ma in yashe haƙora, don al'ada ta ce in yi. Shekara da shekaru ina yashewa.

Talatar da ta wuce ya zo da wasu baƙi masu sayen shanu, rana ta take tsaka, ya sha sabuwar hula. Ya sake faɗa, har yana ba su labarin tun daga farko. Na bari ya kai wurin kare. Sannan na yanko tozo mai kyau, wanda ya fi kowane kitse a rumfar, na zagayo, na cire masa hula, na dunƙula tozon a ciki, na mayar masa a kai na danna da hannu biyu. Na riƙe shi nan, na ce:

"Ɗan gwaggo, uwarka da ubana ciki ɗaya sunka fito, na sani, shi ya sa ban taɓa ɗaga maka hannu ba. Kai ka yi dariyar yini guda, ni na biya ta da rayuwata a bakin gulbi. To ga tozonka, kyauta na ba ka. Ka tsaya nan cikin rana inda kowa ke ganin ka har a kira la'asar, kada ka taɓa hular ga. In ya gangaro maka ta ƙeya, ka ce zufa ce. In karnuka sun zo, ka gaishe su, sun san gidanmu. Kuma ka yashe haƙora, Labbo. Wasa ne."